Neman shawara: zanena duk sun rage a Omdurman, da me zan haɗa kundin neman jami'a?

Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Na daɗe ina bin abin da ake tattaunawa a nan ban taɓa sa baki ba, yau dai dole ta sa na fito.

Shekarata 19. A Omdurman aka haife ni, yanzu muna Kasala gidan kawuna tun da yaƙi ya taso mu a 2023. Na zauna jarrabawar shahada, ta kammala sakandare, da aka yi a ƙarshen Disambar 2024, sakamako ya fito, alhamdulillahi babu laifi. Tun ina ƙarama ba abin da nake so in karanta sai zane, ko na fenti ko na tsara littattafai da tambura. Burina Kwalejin Zane ta Jami'ar Sudan ta Kimiyya da Fasaha, amma wata 'yar'uwarmu ta ce kada in tsaya a ƙofa ɗaya, in gwada guraben tallafin karatu na waje. Da na duba sai na tarar makarantun suna cewa a turo kundin ayyuka, abin da suke kira fotfoliyo, mu nan a ce malaf.

Ga inda damuwata take. Duk abin da na zana cikin shekara biyar, littafin zane bakwai da wasu manyan takardu da na naɗe na tura ƙarƙashin angarib ɗin kakata, gadon katakon nan mai saƙar igiya, can muka baro su. Maƙwabcinmu da ya leƙa gidan ya ce ko ƙofa ba a bari ba. Abin da ya rage mini hoto 11 ne a waya, su ma dishi-dishi, kuma gaskiya yawancinsu fuskoki ne da na kwafo daga intanet. Kayan aikina yanzu fensir biyu ne da biro da littafin makaranta mai layi. Wata huɗu ne a gabana kafin Janairu. Sannan Baba bai hana ni ba, amma ya ce ba ya son zanen abu mai rai a gidansa.

Shin in haƙura da bana? In kuma zan iya, me ake sawa a ciki, guda nawa, kuma ta ina zan fara? Don Allah duk wanda ya san hanya ya taimaka.

'Yar Omdurman a Kasala

Wata uwa daga Maiwurno:

Wa alaikumus salam. Allah sarki ɗiyata, Allah Ya mayar miki da mafi alheri. Ni ban san kan wannan karatun ba, amma akwai Ustaz a cikinmu da ya koyar da zane shekara da shekaru, na kira shi a waya na ce ya duba.

Tsohon malamin zane, Gadarif:

Ɗiyata, na karanta saƙonki sau biyu. Kada ki haƙura da bana.

Ni a wannan kwalejin da kike buri na yi karatu, a Mugran da ke Hartum, na kuma koyar da zane a sakandaren Madani har ranar da muka fito. Nawa takardun ma can suka rage, don haka na san ciwon da kike ji, ba labari aka ba ni ba. Amma bari in faɗa miki wata gaskiya mai ɗan ɗaci: fuskokin nan da kika kwafo daga intanet, ko da suna hannunki lafiya lau, da ba zan bar ki ki sa fiye da ɗaya ba. Mai duba kundi yana gane kwafe daga kallo guda. Hoton kamara ya riga ya yanke miki hukunci kan inda haske zai faɗa da inda inuwa za ta kwanta, ke naki bi ne kawai. Shi kuwa malami idonki yake nema. Takardun sun tafi, amma hannun da ya yi shekara biyar yana horuwa tare kuka hau mota zuwa Kasala.

Fara daga abin da ke tsakar gida. Ɗauki jabanar kawunki, butar gahawar nan, da finjali biyu, ki ajiye su bakin ƙofa inda haske ke shigowa ta gefe ɗaya. Kafin ki sa fensir a takarda, zauna ki kalle su minti biyar. Miƙe hannunki sosai, ki rufe ido ɗaya, ki auna tsayin jabana da fensirin, ki ga finjali nawa za su shiga cikin tsayin nan. Bakin finjali ba da'ira ba ne daga inda kike zaune, kamar ƙwai yake a kwance, kuma duk sa'ad da kika ɗaga kai ko kika sunkuya sai fasalinsa ya sauya. Nan ne mafi yawan yara ke faɗuwa, suna zana abin da suka sani maimakon abin da suke gani. Kalli kuma sararin da ke tsakanin mariƙin jabana da wuyanta. In kika zana wannan ɓulin daidai, mariƙin zai fito da kansa. Idan kin zo inuwa, kanne idanunki har abin ya yi hazo, za ki ga duhu kashi uku ne ko huɗu kawai, ba ɗari ba.

Kullum ki yi awa ɗaya a kan irin wannan. Yau jabana, gobe randa da moɗa, jibi takalmin kawu, gata angarib. Angarib zai wahalar da ke, saboda ƙafa huɗu da igiya da yadda nesa ke ƙanƙantar da abu, shi ya sa nake son ki zana shi aƙalla sau biyar daga kusurwa daban-daban. Sannan ki fita. Allah Ya ajiye ki a garin da masu zane ke biyan kuɗin mota su zo. Duwatsun Taka da Totil suna gabanki safe da yamma, kuma launinsu na hantsi daban da na la'asar. Ga tsohon masallacin Hatmiyya a gindin dutse da ginshiƙansa a jere ba rufi, wanda ya fi kowane littafi koya wa mutum yadda layuka ke tafiya su haɗu can nesa. Ga kasuwa, ga raksha a bakin titi, ga lambunan bakin kogin Gash.

Kwalejin tamu ba ta ɗaukar ɗalibi da makin shahada kaɗai, akwai jarrabawar gwajin basira, a ajiye miki abu a gabanki a ba ki lokaci ki zana. To kin ga wannan horon jifan tsuntsu biyu ne da dutse ɗaya: yana cika miki kundi, yana kuma shirya ki wa ranar gwaji. Saboda haka wani lokaci ki riƙa ɗora wa kanki agogo, zane ɗaya a minti 20, wani a awa biyu. Ki kuma sa ido kan sanarwar ofishin ɗaukar ɗalibai don wuri da rana.

Batun kayan aiki kuwa, kin san Ibrahim El-Salahi? Ɗan garinku ne, a Omdurman aka haife shi a 1930, kuma a 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya baje ayyukan rayuwarsa gaba ɗaya. Mahaifinsa malamin makarantar allo ne, a kan allo ya fara, da zayyanar nan da mutanen Sudan ke kira sharafa. A 1975 aka kulle shi a kurkukun Kobar wata shida ba shari'a. A can da guntun fensir yake zane a kan yage-yagen takardar buhun siminti, in ya ji motsin gandiroba ya binne cikin rairayi. Ba ina ba ki labarin nan don ki raina rashinki ba ne. So nake ki san takardar buhu ma takarda ce, kuma gawayi yana haskawa a kanta fiye da yadda kike zato. Nemi gawayi mai laushi a murhun gida. Tawadar allo, ta gawayi da ƙaro, baƙinta ya fi na shago kyau, in kika sirka ta da ruwa za ta ba ki toka-toka mataki-mataki. Fentin ruwan da ake sayarwa da tsada a Turai, ƙaro ne ke riƙe launinsa, kuma mafi yawan ƙaron duniya daga ƙasar nan yake fita. Gahawa mai kauri tana ba da ruwan ƙasa, zoborodo yana ba da ja, sai dai shi ba ya daɗewa yake juyewa, ki ɗauki hotonsa a ranar. Abin da za ki saya in an samu hali: fensir 2B da 6B, magogi mai kyau, da farar takarda A3 ko da guda 20. Ki daina zane a littafi mai layi daga yau.

Wani kawu daga Damazin:

Ni dai ina da magana. Ƙasa tana cikin wannan hali, iyali sun rasa gida, a tura yarinya ta je ta karanta zane? Da makinta mai kyau ba gara aikin jinya ko haɗa magunguna ba? Zane ai ko a gida ana yi. Ba ina kashe mata gwiwa ba ne, amma wa zai ciyar da wa?

Mai shagon buga takardu, Fot Sudan:

Kawu, tambayarka tana kan hanya, amma zo shagona ka gani. Allunan shaguna, katin biki, takardar da ake liƙa wa robar man riɗi da buhun garin kisra, fastocin rigakafin kwalara da ƙungiyoyin agaji ke bugawa, duk sai an sami mai tsarawa kafin inji ya motsa. Yaron da ke yi mini wannan aikin ya fi mai jan inji samu, kuma rabin kwastomominsa ba su ma ƙasar nan, ta waya suke turo aiki. Kwalejin ai ba fenti kaɗai ake yi ba, akwai sashen tsara bugu, akwai na zanen yadi, akwai na tukwane, akwai na rubutun Larabci. Ban ce kowa zai yi arziki da shi ba. Amma wanda ya iya ba ya kwana da yunwa.

Yayarku mai tsara zane a Jidda:

Ƙanwata, Ustaz ya gama da gindin magana, ni bari in shiga ɓangaren haɗa kundin, don na yi shi sau biyu. Na farko aka mayar da ni, na biyu na samu.

A karo na farko na tura zane 30, duk gamammu tsaf, duk a jere kamar kayan lefe. Matar da ta yi mini hira ta juya su cikin minti biyu ta ce, ina tunaninki yake? Ban gane ba sai daga baya. Ba su ga inda na fara ba, ba su ga inda na ɓata na gyara ba. Makarantun tsara zane sun fi son ganin hanya a kan ganin masauki. Don haka duk takardar da kika gwada abu a kai, ko ta yi muni, kada ki yar. Rubuta kwanan wata a kusurwa ki ajiye.

Yawan ayyuka ya danganta da makaranta, kuma abin da suka rubuta shi ne doka. Makarantar zane ta Rhode Island a Amurka, misali, 12 zuwa 20 take nema. Mafi yawa ba sa nisa da haka. In suka ce 15, kada ki tura 16, kada ki cusa zane shida a shafi ɗaya don ki zagaye ƙa'ida. Kuma goma sha biyu masu ƙarfi sun fi ashirin da akwai raguna biyar a ciki, domin raunanan ne suke nuna ba ki iya tantance aikinki ba.

Da ni ce ke, kusan rabi zai zama irin zanen da Ustaz ya ce, na abin da ke gabanki. Sai shafi biyu ko uku daga littafin gwaje-gwaje. Ragowar kuma aiki ɗaya ne mai zurfi, wanda kika bi daga tushe har ƙarshe. Wannan shi ne zuciyar kundin, bari in ba ki misali da nawa. Kakata tana ɗinkin hula a Makka tun kafin a haife ni. Na zauna na zana hulunanta goma sha biyu, na warware kowace zayyana na ga daga wane ɗan ƙaramin fasali take tasowa tana maimaita kanta. Na sassaƙa fasali uku a jikin dankali da magogi, na buga su a takarda, na sauya launi, na sauya tazara, yawancinsu ba su yi ba. A ƙarshe na fitar da tsarin kwalin dabino guda ɗaya, na naɗe shi da hannuna na ɗauki hoto. Shafi biyar ya ci, kuma a kansa aka yi mini kusan dukan hirar karo na biyu.

Ke ma duba abin da ke naki. Ƙunshin da ake yi a gidanku, saƙar faifai da tabarma, zayyanar allo, ɗinkin wuyan riga, Dagi. Yaro ɗan Landan ko Istanbul ba shi da waɗannan, ke kuwa a cikinsu kika buɗe ido. Sai dai kada ki ɗauko Dagi ki liƙa a tsakiyar takarda ki ce kin yi al'ada. Yi masa tambaya. Me zai faru in aka miƙe shi, in aka yanka shi biyu, in aka mayar da shi harafi?

Hoto kuma shi ne inda aiki mai kyau ke mutuwa. Ki ɗauka da hantsi a inuwar rumfa, ba cikin rana tsaka ba, kuma ki kashe fitilar waya. Goge gilashin kamarar da gefen mayafi. Shimfiɗa zanen a ƙasa kan farin ƙyalle, ki tsaya a kansa wayar tana kallon takarda kai tsaye, don kada gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, ki kula kada inuwarki ta faɗa a kai. Yanke gefen, kada a ga tabarma ko yatsan ƙafa. Kada ki sa masa wani ado na waya. In za ki tura wa wani ta WhatsApp ki tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba yana matse hoton ya kashe shi, ina jin abin da ya sami guda 11 ɗinki ke nan. Kowane dare da aka sami intanet ki ɗora na ranar a Google Drive, ki kuma tura wa kanki ta imel. Ba sai na gaya miki dalili ba.

A ƙarƙashin kowane aiki: suna, shekara, abin da aka yi shi da shi, girmansa da santimita, sai jimla ɗaya ko biyu. Rubuta gawayi da tawadar allo a kan takardar buhu ba tare da jin kunya ba. Farin shafi, rubutu iri ɗaya, ki fitar da shi PDF, ki duba iyakar nauyin da suka yarda. Mafi ƙarfi a farko, na biyunsa a ƙarshe.

Game da ƙofofi: tallafin gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi daga Janairu zuwa Fabrairu, masu neman digirin farko sai 'yan ƙasa da shekara 21, kin ga kina ciki. Gurbin Ingila ta UCAS ake bi, wato shafin neman shiga jami'o'in can, wa'adin a Janairu yake, ga jarrabawar Turanci ta IELTS, ga tsada in babu tallafi. A nan Saudiyya akwai shafin Udrus fis Sa'udiyya na ɗaliban waje, kuma Jami'ar Ummul Ƙura da ta Gimbiya Nura a Riyad duk suna da kwalejin zane da tsarawa. Darul Hikma da Iffat a Jidda masu zaman kansu ne, kuɗi ake biya mai yawa. Zaɓi uku kawai, ki karanta sharuɗɗan kowace da kanki, ki rubuta su a takarda ki liƙa a bango.

Wani matashi daga Riyad:

Ni fa ina ganin an tsawaita. Yanzu akwai manhajojin da za ka rubuta musu abin da kake so su zana maka cikin daƙiƙa. Ta haɗa goma da su, ta ƙara nata biyar, wa zai sani? Ko kuma a sami wanda ya iya ya taya ta. Lokaci ya ƙure mata.

Yayarku mai tsara zane a Jidda:

Ƙanina, kada ka sake ba wani wannan shawarar. Za a sani. A hira ana ɗaga zane a ce me ya sa kika sa duhu a nan, ina gwajin da kika yi kafin wannan, wani lokaci a miƙo fensir a ce bismillah. Wanda aka kama an rufe masa ƙofar ke nan. In ma ba a kama ta ba, ta shiga aji da ƙarya, ta zauna shekara huɗu tsakanin waɗanda suka iya. Kuma ha'inci ne, ko babu mai gani.

Malamin makarantar allo, Sinnar:

Ɗiyata, a kan maganar mahaifinki zan tsaya, don na ga an wuce ta. Damuwarsa tana da asali, hadisan da suka yi magana kan sura sanannu ne, malamai kuma sun yi bayani mai faɗi, sun bambanta tsakanin mai jiki da na kan takarda, da cikakke da wanda ba cikakke ba. Wannan ba wurin yanke fatawa ba ne. Ku je ke da shi wurin malamin da ya amince da shi, ku tambaya tare. Amma kafin nan, gidansa ne, kuma bai hana ki karatun ba, ki riƙe wannan da hannu biyu. Itace, dutse, gini, ƙwarya, tufa, harafi, mafi yawan malamai ba su ga laifi a kansu ba. Ahmad Shibrain, wanda shi da El-Salahi suke cikin jagororin tafiyar masu zanen da ake kira Makarantar Hartum, da harafin Larabci ya yi suna. In kina so, ina da alluna masu zayyana na ɗalibaina da suka sauke, zan sa a ɗauki hotonsu a turo miki ki yi nazari.

Tsohon malamin zane, Gadarif:

Malam ya yi gaskiya. Sai dai in ƙara abu ɗaya don kada a ɓoye mata: sashen fenti da na sassaƙa, a ko'ina, ana zana mutum, kuma wasu makarantun Turai suna son ganinsa a kundi. Sashen tsara bugu da yadi da rubutu ba su dogara da shi haka ba. Ki san wannan tun yanzu, ki faɗa wa Baba tun yanzu, kada sai an ba ki gurbi magana ta taso. Ki kuma ba shi labarin Kamala Ibrahim Ishaƙ, ita ma 'yar Omdurman, ta yi wannan kwalejin, ta je Landan ta ƙaro ilimi a shekarun 1960, ta dawo ta koyar shekaru masu yawa. Iyaye sukan natsu in sun ji wata ta bi hanyar ta dawo da mutuncinta.

Ɗalibi a Zariya:

Gaisuwa daga Najeriya. Ina sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello. Abin da Yaya ta Jidda ta ce kan al'ada shi ne abin da ake karanta mana tun ajin farko: a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiya a nan Zariya, suka ce za su koyi dabarar Bature amma su zana da abin gidansu. Shawarata ɗaya, ki sa labarin yaƙin a gaba. Ki zana gudun hijira, ki rubuta yadda aka wawashe gidanku. Masu ba da tallafi suna jin irin wannan.

Wata malamar jinya daga Kosti:

Ɗan'uwa, ka yi niyyar alheri, amma ban goyi baya ba. Mu da muka gani da ido ba kowa ke iya mayar da shi takarda ba, kuma bai kamata yarinya ta ji dole sai ta baje ciwonta kafin a ba ta kujera ba. In zuciyarta ta kai ta can, ta zana. In ba ta kai ba, jimla biyu sun isa a takardar bayanin kai: ayyukana na baya sun salwanta a yaƙi, duk abin da ke nan na yi shi cikin wata huɗu a Kasala. Mai hankali in ya karanta wannan ya ga zane 15 a bayansa, ya gama fahimta.

'Yar Omdurman a Kasala:

Iyayena da yayyena, Allah Ya saka da alheri, Ya mayar da kowa gidansa lafiya. Kwana tara ke nan ban leƙo ba, ina can ina aiki.

Ustaz, na zana jabana sau bakwai. Na farko bakin finjalin ya fito da'ira sak kamar yadda ka ce, na huɗu ne ya fara kwanciya. Angarib ya kayar da ni sau uku, ƙafar baya kullum sai ta fi ta gaba tsawo, amma ban yar da ko ɗaya ba, duk na sa musu kwanan wata. Kawu ya samo mini buhunan siminti biyu a wurin wani gini, na yanka na goge su na danne ƙarƙashin katifa. Gawayin yana kama su sosai, sai dai yana gogewa in na taɓa.

Na karanta wa Baba saƙon Malam na Sinnar. Ya yi shiru, sannan ya ce ranar Juma'a za mu je wurin limamin unguwa tare. Da dare kuma ya kira ni ya ce in zana masa ƙofar gidanmu ta Omdurman yadda nake tuna ta. Koriya ce, ta ƙarfe, da tauraro a kowane ɓangare da wurin da fenti ya ɓare kusa da sakata. Ina cikin zanawa ya ce tauraron mai kusurwa takwas ne ba shida ba, kakata ta ce ba haka ba ne, Inna ta kawo nata. Na zana yadda kowannensu ya faɗa, ƙofa huɗu suka fito, ba wadda ta yi kama da wata. Yaya ta Jidda, ina ganin aikina mai zurfi ke nan: in bi maƙwabtanmu da suka taso daga Hartum da Madani, kowa ya siffanta mini ƙofarsa in zana, sannan in fitar da fasalin ƙarafunan in buga su a yadi. Ya yi, ko ya yi nisa da tsara zane?

Sannan Ustaz, me zan yi wa gawayin nan don ya daina gogewa?

Tsohon malamin zane, Gadarif:

Akwai maganin feshi da ake yi don haka, in babu shi a kasuwar Kasala feshin gashi na mata yana riƙewa, ki fesa sama-sama daga nesa kamar kamu ɗaya. Yana sa takarda ta yi rawaya bayan an daɗe, don haka ɗauki hoto tukuna, sannan ki sa farar takarda tsakanin kowane zane da ɗan'uwansa. Turo mini angarib ɗin nan uku in ga ƙafar.

Yayarku mai tsara zane a Jidda:

Ya yi, ƙanwata, bai yi nisa ba ko kaɗan. Ki nemi izinin kowa kafin ki zana, kuma ki rubuta maganarsa da bakinsa a gefen ƙofarsa, da Hausa ko da Larabci yadda ya faɗa, ba sai kin sa suna ba. Ƙofofin gidanku huɗun nan su zauna a shafi ɗaya, kada ki gyara ko ɗaya. In kin kai goma ki turo mini su a matsayin fayil, mu zauna mu jera.